Ya Mai Jiki? To, Ya Mai Jinya?

 

Akwai wata gaisuwa da kowa a cikinmu ya sha yi. Ka je dubiya, ka yi sallama, a shimfiɗa maka tabarma. Sai ka dubi matar da ta ɗaga maka labule ka ce, "Ya mai jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Ka leƙa ɗaki, ka yi addu'a, ka tura 'yar ɗari biyar ƙarƙashin matashi, ka fito kana jin ka sauke nauyi. Ladanka yana nan, in sha Allahu. Sai dai ka lura, ita ka yi wa tambayar, amma lafiyar wani ka tambaya. A kan wannan matar nake so mu yi magana yau.

Abin da ya tayar min da zancen tafiya ce da na yi Garu, a ƙaramar hukumar Illela, dubiyar wata gwaggona. Tsohuwa ce da ta ba shekara 80 baya. Shekara 3 ke nan da hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. 'Ya'yanta biyar suna raye. Babban yana Legas wajen albasa. Mai bi masa yana bin motocin shanu daga kasuwar Illela zuwa Kudu. Ɗiya ɗaya tana aure a Ƙonni ta Nijar, ɗaya a Sakkwato. Autan ne ya rage a gida, da damina ya noma gero da wake, da rani ya hau babur ya yi kabu-kabu. Shi ma ba shi ke jinyar ba. Matarsa ce, yarinyar da ba ta kai 30 ba, da goyo a baya.

Kwana biyu na yi a gidan, na ga aikin da idona. Tun kafin kiran assalatu ta ɗora ruwan zafi. Ta janye ledar da ta jiƙe, ta wanke tsohuwa, ta sauya mata zane, ta ciccibe ta ta jingina da bango. Kunu kuma cokali-cokali, sai ya ci rabin sa'a. Daga nan wanki, kuma wankin mai kwanciya ba ya ƙarewa. Ga daka, ga ɗebo ruwa, ga yara uku. Da dare ina kwance a zaure ina jin tsohuwa tana kira, sau huɗu, sau biyar, kowane kira kuma sai na ji ƙarar ƙyaure. Da safe na ce da ita, "To ke fa, ya naki jikin?" Ta dube ni kamar na yi mata wani yare, sannan ta yi dariya ta ce, "Yaya, ni ai lahiyata lau." Tana faɗa tana dafe da ƙugu.

Ku tuna fa wace ce wannan. Matar ɗa ce. A al'adarmu ba ta kiran sunan uwar miji, ba ta cin abinci a gabanta, in za ta gaishe ta sai ta durƙusa. Yau ita ke kwashe mata bahaya. Duk kunyar surukuta ta haɗiye ta, ba wanda ya zaunar da ita ya nemi yardarta, ba kuma wanda ya koya mata yadda ake yi.

A nan zan ɗan taɓa littafin malamai, su yi mini afuwa in na shiga gonarsu. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo iyaye matalauta cikin waɗanda ciyar da su ya wajaba a kan mutum. Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, ta haɗa kyautata wa iyaye da kaɗaita Allah, ta kuma ambaci lokacin tsufansu a keɓe. Da wa ake magana? Da ɗan da aka haifa, da ɗiyar da aka haifa. Malamai da yawa sun bayyana cewa hidimar da mace ke yi wa iyayen mijinta kyautatawa ce daga gare ta, tana da lada mai yawa, amma bashin yana wuyan 'ya'ya. Mu kuwa mun juya abin. Ɗa ya aiko da kuɗi ta waya ranar Juma'a, ya ce ya yi birrul walidaini, suruka ta yi sauran kwana shida da dararensu, in ta yi tsaki sau ɗaya a ce ba ta da tarbiyya. Uwaisul Ƙarni da masu wa'azi ke ba mu labarinsa, wanda hidimar mahaifiyarsa ta tsayar da shi a Yaman har bai sadu da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba, ai namiji ne. Da hannunsa ya yi.

Wani zai ce, da can ai haka ake yi, ba a ji kowa ya koka ba. Da can gidan gandu ne. Uba da 'ya'yansa maza suna noma gona ɗaya, matansu huɗu ko shida a tsakar gida ɗaya, ga gwaggo bazawara, ga jikoki birjik. In tsoho ya kwanta, hannuwa goma ke kansa. Yanzu gandu ya watse. Cin rani da ake yi wata huɗu a dawo shuka ya koma zama na shekara da shekaru. Sannan ciwon ma ya sauya. Da, cuta takan zo ta yi sati biyu, ko a tashi ko a yi jana'iza. Yau hawan jini da ciwon suga sukan kwantar da mutum shekara biyar, shekara bakwai, yana ci yana sha, amma ko juyawa ba ya iya yi da kansa.

Mu na bakin iyaka kuma muna da tamu ƙarin wahalar. Tsakanin Illela da Ƙonni dangi ɗaya ne, aure ɗaya, makabarta ma wani lokaci ɗaya. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Aka ɗan sarara, sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙamewa har watan Maris na 2024. Masu sharhi sun yi ta lissafin shinkafa da shanu da albasar da ta ruɓe a mota. Ban ji wanda ya lissafa ɗiyar da ke zuwa kowane sati ta karɓi jinyar uwarta ba, wadda ta koma sai ta ratsa daji a bayan babur da kuɗi ninki biyu, har ta rage zuwa. Asibitin Galmi, can gabas da Ƙonni, wanda mutanenmu suka saba kai marasa lafiya tun da daɗewa, shi ma ya yi nisa, ga sefa ta yi wa naira fintinkau. Aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota zuwa Sakkwato, tafiyar da ta haura kilomita 80 ta Gwadabawa da Kware, ya zama abin da sai an yi shawara. Ga matsalar tsaro da ta tashi wasu ƙauyukan yankin nan, aka kwaso tsofaffi aka cusa a ɗakunan dangi. Duk wannan nauyi a ƙarshe kan wa yake sauka? Kan mai ɗora ruwan zafin asuba.

To, 'yar'uwa mai jinya, in kina kusa da rediyo, matso. Akwai abubuwan da ma'aikatan lafiya suka sani, waɗanda da an faɗa miki tun farko da kin huta da rabin wahala.

Babban abokin gabar mai kwanciya shi ne gyambon kwanciya. Inda ƙashi ya danne fata a kan katifa, wato ƙugu, da mazaunai, da diddige, da kafaɗa, jini ba ya isa wurin. Farko wurin zai yi duhu ko ya yi zafi ya taurare, kwana kaɗan ya fashe, in aka yi sake ya zurma har ƙashi. Tsofaffi da yawa wannan gyambon ke tafiya da su, ba ciwon da ya kwantar da su ba. Maganinsa na farko ba a kemis yake ba, juyi ne. Kamar kowace sa'a biyu a juya shi, dama, baya, hagu, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗaga diddige kada ya taɓa shimfiɗa. Wanda ba shi da agogo ya bi lokutan salla, ya ƙara juyi a tsakaninsu. Kada a bar shi kan jiƙaƙƙen zane, kada kuma fatarsa ta kwanta kai tsaye a kan leda a zafin nan namu, a shimfiɗa zanen auduga a sama. In wuri ya fashe, a nemi malamin asibiti da wuri. Toka da bakin mai da garin kafso da ake barbaɗawa ƙara rura wutar suke yi.

Wajen ci, kada a ɗura wa mai shanyewar jiki kunu yana kwance. Maƙogwaronsa ba ya rufe hanyar iska yadda ya kamata, abinci sai ya bi ta huhu, bayan kwana biyu a ga zazzaɓi da tari a ce sanyi ne. A zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, mai ɗan kauri ya fi tsararo sauƙin haɗiya, a bar shi a zaune na ɗan lokaci bayan ya gama. Ruwa kuwa, tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro. A watannin bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, sai ka ga tsohuwa ta rikice tana surutai, alhali ruwa ne ya ƙare a jikinta. Na san dalilin da ya sa wasu ke rage ba su ruwa, don a rage wankin fitsari ne. Ban zargi kowa ba, amma haɗarin ya fi wankin.

Maganin hawan jini ba a barinsa don an ji sauƙi. Wannan kuskure ya kwantar da mutane ba adadi: kwali ya ƙare, jiki ya yi daɗi, a ce ai an warke. Haka magungunan ciwon gaɓoɓi da ake saya wajen masu tallan magani ranar kasuwa, tsoho ya mayar da su kamar goro, suna cin ciki suna lalata ƙoda. In kuma kika ga baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, wannan na asibiti ne a wannan sa'ar. A yi addu'a a cikin mota.

Sai abin da ya fi ci wa mai jinya rai, gigin tsufa. Tsohuwa ta ci tuwo yanzu, baƙo ya shigo ta ce kwana uku ba a ba ta abinci ba. Ta ɓoye kuɗinta ta manta, ta ce suruka ta sace. Da la'asar ta ɗaure kaya ta ce za ta gidan babanta, wanda ya rasu tun zamanin Sardauna. Ɗa ya zo daga birni kwana ɗaya, ya ji wannan, ya hau matar ƙanensa da faɗa. Aure nawa ya mutu a kan haka? Wata kuma har a fara raɗe-raɗin maita a kanta, matar da ta yi shekara 60 tana yi wa unguwa ungozoma. Jama'a, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda ido ke yin yana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da shi sun haura miliyan 55 a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe irin namu, kuma mata ne ke ɗauke da kusan kashi 70 cikin 100 na lokacin kula da su. Ba a gardama da mai gigi. In ta ce za ta gida, a ce, "To Inna, bari rana ta yi sanyi," a miƙa mata wake ta tsince, zancen zai wuce. A kawar da wuƙa da ashana, a rufe rijiya, a sanar da maƙwabta don in ta fita a dawo da ita. Ɗaure ta da igiya ko kulle ta a ɗaki ƙara firgita ta yake yi. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a kan hanyarmu yake, kuma kai tsoho can ba ya nufin an ce mahaukaci ne. Wani lokaci ma rikicewar ta kwana biyu ce, ciwon fitsari ko wani magani ya jawo ta, a yi maganin abin ta washe.

Ke kanki fa, mai jinya? Wajen ɗagawa, ki lanƙwasa gwiwa, ki matso da ita jikinki, kada ki sunkuya da ƙugu. In da hali ku zama biyu, ku kama zanen da take kai ku ja. Ranar da kika ji zuciyarki ta kawo wuya, har hannunki yana rawa, fita tsakar gida ki sha ruwa. Wannan fushin gajiya ce da rashin barci, bai mayar da ke muguwa ba. Amma alama ce cewa lokacin karɓa ya yi, kuma faɗin "na gaji" ba saɓo ba ne.

Yanzu ga ku, 'yan'uwana maza. Ranar rabon gado ba wanda ke cewa yana da uzuri. Na Legas zai hau motar dare, na Ƙonni zai tsallako, a kira malami, a fitar da tumuni, a auna gona da igiya har taƙi ɗaya ba ya ɓata. Wannan ƙwarewar lissafin nake roƙo a kawo tun tsohuwa tana numfashi. A zauna, ko a haɗa waya, a faɗi abin da ake kashewa a wata: magani, sabulu, famfas na manya in ana saya, kuɗin mota. Kowa ya ɗauki gwargwadon ƙarfinsa, a sa rana, kada sai an yi ta kira ana roƙo. Sannan a raba kwana. Ɗiyar da ke aure ta zo ta yi sati, mijinta ya bar ta, shi ma yana da uwa. Wanda ba zai iya zuwa ba ya biya wata dattijuwa a unguwa ta riƙa karɓar wanki ko kwanan dare biyu a sati. A fitar wa mai jinya da nata kason a hannunta, ba a cikin kuɗin cefane ba. In kuwa tsohon namiji ne, wanka da tsarki aikin 'ya'yansa maza ne, wannan ko muhawara babu. Abu ɗaya kuma da ke ƙona min rai: a cire jika 'yar shekara 11 daga makaranta a ce ta zauna da kaka. Yarinyar ba ta iya juya tsohuwa, ba ta san magani ba, an dai kashe mata karatu don manya su samu sukuni.

Hukuma fa? A takarda akwai abubuwa. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021 ƙarƙashin Dakta Emem Omokaro, a shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a biya wa. A jihar Sakkwato muna da hukumar SOCHEMA ta taimakekeniyar lafiya, muna da Hukumar Zakka da Waƙafi wadda ta yi suna wajen taimakon marasa lafiya. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiya ta tsofaffi zalla tun 2012. Jamus tun 1995, Japan tun 2000, suka kafa inshora ta musamman don jinyar tsufa, har a Jamus ɗan gida mai jinya yana iya samun wani abu daga asusun. Ban ce mu kwafo su ba, aljihunmu ba ɗaya ba, kuma Bahaushe ba zai kai uwarsa gidan gajiyayyu ya iya shiga masallacin unguwa ba. Tunda a gida za a yi jinyar, to a kawo taimakon gida. Ma'aikatan da ke bi gida-gida don rigakafin shan inna sun san kowace ƙofa a Garu da Kalmalo da Araba da Gidan Hamma. Me zai hana a ba malamin asibitin mazaɓa na'urar awon jini da man babur, ya leƙa masu kwanciya sau ɗaya a wata, ya nuna wa mai jinya juyi da ɗagawa? Ku kuma iyalai, ku je asibitin mazaɓarku ku tambayi yadda ake rajistar tsoho a shirin inshora, ku tambayi hakimi ko limami hanyar kwamitin zakka na gunduma. Wanda bai tambaya ba, ba a san da shi ba.

Akwai kuma abin da ba ya jiran gwamnati. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jajis, dattawan mata masu kai ilimi ƙauye-ƙauye har cikin ɗakunan matan da ba sa fita. Tsarin isa ga macen da ke cikin gida a ƙasar nan aka ƙirƙire shi. Makarantun Islamiyya na matan aure da ke cike a kowace unguwa yau, in kowace ta ware mata biyu su karɓi mai jinya na yini ɗaya a sati, ta je gidansu, ta yi kitso, ta yi barcin rana, an yi babban aiki. 'Yan agaji da muke gani da kaki a wajen wa'azi da bakin asibiti, su ma ga fili: tsofaffi maza da ba su da mai yi musu aski da wanka. Limamai kuma su riƙa faɗa a huɗuba cewa shari'a ta sauƙaƙa wa mai kwanciya, akwai taimama, akwai salla a zaune ko a kwance, akwai rangwamen azumi ga wanda tsufa ya ci ƙarfinsa. Na ga gidan da ake ciccibar tsoho zuwa bakin rariya sau biyar a yini don alwala, shi yana wahala, mai ɗaukarsa tana wahala, don ba wanda ya gaya musu.

Kafin in baro Garu na kira babban ɗan gwaggona a waya. Taubashina ne, don haka na faɗa masa abin da wani ba zai iya ba. Ya yi shiru, ya ce shi wallahi bai san haka abin yake ba, duk lokacin da ya kira cewa ake yi da sauƙi. Bayan sati biyu ɗiyar da ke aure a Sakkwato ta zo da jakarta, ta ce za ta yi kwana goma. An ce min ranar da ta iso, matar autan ta idar da sallar azahar ta kishingiɗa a kan sallaya, ba ta farka ba sai da aka kira magariba. Goyon ma wata maƙwabciya ce ta zo ta kwance shi daga bayanta.